Tabarmar Baba Bukar a bayan bango

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita aiki da safen nan aka bugo mini waya, wai Baba Injiniya Bukar na Fagge ya rasu. 

Shi ya koya mini aikin da nake ci da shi. Mukan gina guntun bango a ɗakin gwaji, mu sakar masa iska mai ƙarfi ta bututu kamar tashin nakiya, mu ga iya abin da zai ɗauka.

Tun shekarun 1950 ya fara, a wani fili a Sabon Gari kusa da tashar jirgi. Ana fasa dutse da nakiya, gidaje suna tsagewa, ga shi babu injin gwaji. Sai shi da abokan aikinsa su rataya ƙarfe da igiya, su sake shi ya daki bango. Nakiyar ce ta kashe masa kunnen hagu. In ka kawo shirme, wannan kunnen yake juyo maka.

Kafin kowane gwaji sai ya shimfiɗa tabarma a bayan bangon. Mu yi ta dariya, ya ce, "Ku dara. Nan wani zai kwanta." In ɓaraguzai suka zubo kanta, bango ya faɗi gwajin ke nan.

Ranar da na fara, ƙarar ta sa ni kuka. Sai ya miƙo mini audugar toshe kunne da dabino.

Makon jiya na je gaishe shi. Na kai masa ƙorafin katangar da za a gina tsakanin wani shagon gas da makarantar yara. Mun gwada irinta, ta watse. Mai shagon ya matsa mu sa hannu a haka, ni kuma wallahi na gaji.

Ya ce, "Hadiza, wane aji ne a bayanta?"

Na ce na ƙanana ne.

"To ki ƙara rodi, ki sake. Kar gajiya ta sa miki hannu."

Ba zan sa ba, Baba. Bayan sadakar uku za mu gina wata. In ta watse mu sake, har sai ta tsaya. Yaran nan ba za su zauna bayan katangar da ban yarda da ita ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, mu ma ku roƙa mana dacewa a gwajin nan.