Ƙarar Takalmin Auta

Ana sanar da dangi cewa kujerar nan mai gurguwar ƙafa ta bakin taga yanzu ba ta da mai ita. Kowa na iya zama. Yayana, tsohon malamin firamare, ya rasu ranar Talata, tara ga wata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya, a kan kekenka na fara zuwa makaranta, kai ka riƙe hannuna na rubuta sunana. Kai ne kake tare mutum mai furfura a titi ka ce, "Ba kai ne mai cin alli a aji uku ba?" Sai ga shi ciwo ya fara kwashe maka sunaye ɗaya bayan ɗaya, har da nawa.

Da likita ya ce jiki ya yi nisa, Autarka ta baro garin aurenta ta taho. Burinta ɗaya: ka gane ta kafin ka tafi. Na tare ta a ƙofar ɗakin asibiti da ilimina na littafi. Na ce ƙwaƙwalwa ba akwati ba ce, a warwatse take ajiya, fuska nan, suna can, kuma hanyoyin da ke haɗo su sun yanke.

"Kada ki sa rai," na ce.

"Baffa, matsa mini in wuce."

Ta durƙusa gabanka ta faɗi sunanta. Ka dube ta kamar kana kallon mai kawo magani. Ta nuna maka hoton ɗanta, ka juya kai bango. Numfashinka yana hawa yana sauka, ba wanda ya iya kallon wani. Ta miƙe ta nufi ƙofa, tana jan silifa a ƙasa.

"Ke Auta!" Muryarka ta aji ce ta fito. "Ɗaga ƙafarki! Sau nawa zan faɗa miki?"

Tun tana ƙarama kuke wannan faɗan. Ta dawo da gudu tana kuka tana dariya, ka riƙe hannunta. Washegari ka cika.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Ya ba iyalinka da ɗalibanka haƙuri.

Auta, abin da na faɗa miki a bakin ƙofa ba haka ba ne. Ki yafe wa Baffanki.