Iya Tomoe da Rigar Fatalwa

Shekara hamsin da biyu Tomoe Kuribayashi ta yi tana ɗinkin kimono, doguwar rigar gargajiyarsu, da hannu a unguwar Nippori, ba ta taɓa yarda keke ya taɓa mata alharini ba. Mace ce mai faɗan tsiya, amma allurarta ba ta ƙarya. Sai zamani ya juya, amare suka koma hayar riga, ta yi wata bakwai babu wanda ya leƙo. Ɗanta Shinsuke ya kafa mata wa'adi: bazara na wucewa za ta rufe shago ta koma gidansa ta huta. Hutun nan ta tsane shi kamar ciwon haƙori.

Ana haka wata ma'aikaciyar gidan waya, Nanase, ta faɗo shagon da hotuna arba'in na wata fatalwar katun. Irin mutanen nan ne da katun ya shiga jininsu, ta san har yawan ninkin hannun rigar. So take ta saka shigar a taron masoya katun na bazara, a ɗinke wuyan kam, dama a kan hagu.

Iya Tomoe ta ajiye tabarau. "Ke 'yar nan, lafiyarki? Mai rai hagu yake ɗorawa a kan dama. Wannan naɗin gawa ne!"

"To ai gawa ce, Iya. A kashi na uku ta mutu."

"Ita ta mutu, ke kin mutu? Ji min yarinya!"

"Iya, in na juya shi, dariya za a yi min har in tsufa."

Tsohuwa ta kore ta. Da hannunta ta naɗe mijinta haka ranar da ya rasu, ina za ta yi wa mai numfashi? Amma fa aiki ne ya fita ƙofa, na farko a wata bakwai, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Kwana uku tana zagaya shago tana zagin fatalwar, a na huɗu ta aika a kira Nanase.

Riga biyu ta ɗinka a jiki ɗaya. Ta ciki, wadda ke taɓa fata, hagu a kan dama, irin ta masu rai. A kanta ta ɗora wuyan ƙarya mai naɗin gawa, da ɗinki siriri wanda ko ita sai ta lalubo.

"Ido ya ga fatalwa," ta ce, "jikinki kuwa ya san kina raye. Tsaya da kyau, kin wani karkace!"

Ranar taro masu hoto suka yi wa Nanase zobe cikin zafin rana, ita kuwa duk wanda ya tambaya sai ta ɗaga wuyan ta nuna masa na ciki. Wai har da masu hawaye. Mutanen nan dai sai su!

Da bazara ta wuce Shinsuke ya iso da kwalayen kwasar kaya. Bai sami wurin ajiye su ba. Mutum tara ne a layi, wani ƙato mai furfura rungume da hoton aljanar ruwa, Iya Tomoe kuma da igiyar awo a wuya tana yi wa ƙaton masifa ya daina rawar jiki.

"Mama, kayan fa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bi layi, Shinsuke. Sai watan Maris nake da sarari."