Gaisuwar da ta ɓatar da Bashiru

Da yawanmu mun ɗauka rashin sabis ne kaɗai ke ɓatar da mutum a taron bidiyo. Ni ma haka na ɗauka, sai jiya.

Bashiru, tsohon ɗalibina daga Kebbe, ya zo ofishina a Tambuwal don ganawar neman aikin koyarwa da za a yi ta bidiyo a kwamfutata. Shugaban kwamitin ɗaukar aikin dattijo ne. Yana bayyana a fuskar kwamfutar, Bashiru ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Sai kujera kawai ake gani a bidiyon.

Dattijon ya ce, "Yaron nan ya tafi ne? A kira na gaba."

Murya ta fito daga ƙarƙashin tebur: "Ranka shi daɗe, ga ni nan ƙasa, gaisuwa nika yi."

"To taso mu gan ka."

"Ban kai ga tambayar iyali ba, ranka shi daɗe."

Na sungumi kwamfutar na durƙusa da ita gabansa.

Dattijon ya ce, "Yawwa, ku tsaya haka, kada ya sake ɓacewa."

A durƙushe muka gama ganawar. An ce ya kawo takardunsa ranar Litinin.

Ku buɗe kyamara ku gwada gaisuwarku ta gida, ku faɗa mini ko kun ga kanku.