Tsiren Ranar Kasuwar Dungas

A gidanmu, ranar kasuwar Dungas ce kaɗai miya take jin gishiri yadda ya kamata. Sauran kwanakin mako Inna lallaɓawa take yi, ta ɗan barbaɗa da bakin yatsu, ta ɗaure sauran a tsumma ta soke a jinka. Ƙauyenmu yana kusa da Yekuwa, kuma abincinmu gero ne tun daga safe har dare. Da safe ɗumame ko kunu, da rana fura, da dare tuwo da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, da daudawar batso wadda kakata take yi da hannunta. Idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai tafasa da zogala su shigo, a kwaɗa da ƙuli a sha ruwa. Nama kuwa sai Sallar layya, ko an yi suna, ko akuyar wani ta kwanta an yi saurin yanka ta.

Baba ne mai cefane. Ranar kasuwa tun da sassafe yakan auni wake ko gyaɗa a buhu, ya bi amalanken abokinsa Malam Haruna. Da yamma lis suke dawowa. Mu yara muna jin ƙarar ƙafar amalanke sai mu ruga bakin gari. A cikin buhun da ya tafi da wake za a tarar da gishiri, da kanwa, da barkono, da busasshen tumatir, da ɗan man gyaɗa a kwalba, da goron kakarmu. Ranar Baba yakan dawo da fara'a da labari. Ya ba mu labarin raƙumin da ya ƙwace ya shiga rumfar masu ƙwarya, ko ya kwaikwayi muryar mai tallan maganin ciki, har Inna ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Amma idan aka kawo masa tuwo, loma biyu zai yi ya ture akushin. “Ku ƙara wa yara,” zai ce, “ni na ƙoshi.” Rigarsa kuma tana wani ƙamshi na hayaƙi da yaji wanda ba irin na murhunmu ba ne. Ni a lokacin ban haɗa waɗannan abubuwa biyu ba.

Kakata, mahaifiyar Baba, Iya muke ce mata. Doguwa ce, siririya, ga murya mai kauri kamar ta namiji. Baba ɗanta ne na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta ma ɗaga ido ta kalle shi sosai. In tana da magana da shi, sai ta ce da ɗayanmu, “Je ki ce wa wancan danga ta faɗi,” alhali yana zaune yana jin ta. Haka na taso na gan su, kuma ban taɓa shakkar tana son sa ba.

Lokacin sanyi, bayan an gama kai amfanin gona gida, shi ne lokacin tatsuniya. Da an ci tuwo an yi isha sai a hura wuta da kara a ƙofar ɗakin Iya, mu kewaye ta da ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Baba yakan shimfiɗa buzunsa can gefe, inda hasken wutar yake ƙarewa, yana tufka igiya. Yakan nuna kamar ba ya saurare, amma in an zo wurin dariya mukan ji tasa.

Wata ranar kasuwa, da muka zauna, Iya ta tauna goronta. Can ta gyara zama.

“Ku kawo kunnuwanku in zuba muku,” ta ce.

“Mun kawo, ki zuba,” muka amsa.

Ta ce wai an yi wani mutum mai mata ɗaya da 'ya'ya cike da tsakar gida. Duk ranar kasuwa sai ya sayar da ɗan abin da ya kai, ya yi cefanen gida, sannan ya zagaya wurin mahauta ya ci nama shi kaɗai. A hanyar komawa akwai wani gawo a bakin hanya, busasshe, duk jikinsa kaushi. Nan mutumin yake tsayawa ya goge maiƙon hannunsa da na bakinsa a jikin gawon, don kada a gane a gida. Kasuwa ta zo, kasuwa ta wuce, kullum haka. Gawo ya fara sheƙi. Ya yi ƙiba, ya yi kumatu, har matafiya suna tsayawa su duba fuskarsu a jikinsa. 'Ya'yan mutumin kuwa wuyansu ya yi kamar sillen kara.

Rannan mutumin ya goge hannu ya kama hanya, sai ya ji ƙasa tana girgiza a bayansa. Ya waiga, ga gawo ya tumɓuke saiwoyinsa yana biye da shi. Ya ruga, gawo ya ruga. Ya faɗa gida ya ja ƙyaure, gawo ya tsaya a ƙofa yana waƙa. A nan Iya takan ƙara kaurara murya tana buga cinya:

“Baba, Baba, mai shafa min mai,
Buɗe ƙofa, babban ɗanka ne.
Na ɗaka sun sha kuka,
Ni na sha maiƙo a bakin hanya.”

Muka kama waƙar muna tafi. Iya ta ce gawo ya ture danga ya shigo, ya kafe a tsakiyar gida, saiwarsa ɗaya ta fasa randa, ɗaya ta kifar da rumbu. Ya ce shi ma ɗan gida ne, tunda shi ake ciyarwa, kuma ya zo a ba shi ɗakinsa. Mutane suka taru. Mutumin ya rasa inda zai sa kansa don kunya, ya durƙusa yana roƙon itace. Gawo ya ce ba zai tafi ba sai ranar da bakin kowane yaro a gidan ya yi sheƙi kamar jikinsa. Tun daga ranar, in ji Iya, ko fara mutumin ya kama sai ya kawo ta gida an raba. Gawo ya rame, ya koma bakin hanya da kaushinsa.

“Na zube ta ke nan,” ta ce, “wanda kunnensa ya huje, shi ya sani.”

Ƙanena Habu, wanda bai shiga lakwal, wato makarantar boko, ba tukuna, ya ce, “Iya, naman na rago ne ko na sa?”

Kowa ya fashe da dariya. Ni ma na yi, na juya in ga ko Baba ya ji. Igiyar tana kan cinyarsa, hannuwansa sun tsaya. Inna kuma ta sunkuyar da kai tana tona ƙasa da tsinke. Baba ya miƙe ya naɗe buzunsa, ya ce bari ya duba tumaki. A wannan tashin nasa ne na gane da wa ake.

Kasuwar da ta biyo baya, ana kiran la'asar sai ga Baba ya shigo a ƙafa, bai jira amalanke ba. Ya ajiye buhun cefane, sannan ya zaro wani ɗan ƙunshi daga aljihu, takardar duk ta jiƙe da mai, ya miƙa wa Inna ba tare da ya kalle ta ba. Tsire ne, bai cika tafin hannu ba. Inna ta sa wuƙa ta yi ta yankawa har ya zagaya. Nawa bai fi ƙumbar babban yatsa ba. Na sa shi a kumatu na ƙi taunawa, ina tsotsa har aka yi magariba. Garin yajin da ya rage a takarda ta karkaɗe a miya. Iya ta ce haƙoranta ba za su iya ba. Rabon Baba kuma a bakin Habu ya ƙare. Daren nan ya cinye tuwonsa tas, har ya suɗe akushi.

Mu dai murna muka yi. Muka ɗauka Iya ta yi mana maganin abu, kuma ta yi. Shekara da shekaru ƙunshin nan bai fasa zuwa ba, sai in kasuwa ta ƙi. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, labaran kasuwa sun ƙare. Babu raƙumi, babu mai tallan magani. Baba yakan dawo da wuri, da ƙura a ƙafa, ya zauna shiru yana jan carbi. Wurin tatsuniya ma ya daina shimfiɗa buzunsa.

Na ci jarrabawa na tafi kwaleji, daga nan makarantar koyon jinya a Damagaram. Ina shekarar ƙarshe aka aiko min Baba ba lafiya. Ciwon bai ja shi da nisa ba, kafin in iso an kai shi.

A zaman makoki Malam Haruna ya sa aka kira ni zaure ya yi min gaisuwa. Ya tsufa, ya bar amalanken wa ɗansa. Ya ce:

“'Yata, kin san mu 'yan tsiraru ne da muka taso tare, aka yi mana kaciya tare. Ranar kasuwa mukan haɗu a bencin wani mai tsire, kowa ya kawo abin da ya samu, a yanka mana a takarda ɗaya. Ba wani nama ne mai yawa ba, hirar ce. Babanki shi ne mai ba mu dariya. Rana ɗaya ya ce a ƙunshe masa nasa. Muka ce to zauna mana ko ba za ka ci ba. Ya ce ba a zama cikin masu ci a naɗe hannu. Har gobe in mun zauna, gefen da yake zama ba wanda yake hawa.”

Na ce, “Allah ya jiƙansa.”

Da na kama aiki a Magariya aka biya ni albashin farko, na je wurin mahauta na sa aka gasa min nama mai yawa, na hau kabu-kabu har ƙauye. Iya tana nan da ranta, idonta ya yi rauni, tana zaune a ƙofar ɗakinta. Na buɗe ƙunshin a gabanta. Ta sunkuya ta shaƙi ƙamshin, ta ɗago.

“Kai wa uwarki,” ta ce. “Mai son wannan ba ya nan.”

Na zauna kusa da ita. Na ce, “Iya, tatsuniyar gawon nan, da shi kike ko?”

“Wa bai sani ba? Shi ma ya sani.” Ta gyara ɗankwalinta. “Yaro ne mai jin magana tun yana ƙarami. Ba a faɗa masa abu sau biyu.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta juya fuska wajen danga, ni kuma na ɗauki naman na kai wa Inna.

Yanzu da ni da maigidana duk muna ɗaukar albashi. Ba masu kuɗi ba ne mu, amma farkon wata mukan shigo da buhun shinkafa, da katon ɗin taliyar maka, da jarkar mai, a sa nama a firigo. Idan wata ya yi nisa mu ma tuwon muke komawa, sai dai miyarmu ba ta rasa mai. 'Ya'yana sukan ture tsoka gefen faranti su ce ta yi jijiya. Nakan buɗe baki zan yi faɗa, sai in rasa ta inda zan fara.

Ranar kasuwa, in na fita cefane, ina ganin mutanen ƙauye irin Baba. Sun sayar da 'yan tiyoyin wakensu, buhun cefane yana tsakanin ƙafafunsu, sun haɗa kai a kan takarda ɗaya suna ci suna dariya. Na san a gidajensu akwai yaran da rabonsu da nama tun Sallah. A wurin aiki ina auna irin yaran nan a sikeli, na san yadda hannuwansu suke, don haka ba zan ce Iya ta yi kuskure ba. Jikokinta ta duba, kuma ba ta da wata hanyar yi wa ɗanta magana sai wadda ta bi. Ɗan tsiren nan da na riƙa tsotsa, har yau ban ci abin da ya kai shi daɗi ba.

Sai dai na girma na gane abin da aka saya mana shi da shi. Naman bai ƙosar da ko ɗayanmu ba, ba zai ma iya ba. Shi kuwa mutumin da ya kawo shi, wannan zaman na benci shi ne kawai abin da yake da shi na kansa a duk mako. Da Allah ya ja kwanansa kaɗan, da na ce masa ya koma wurin abokansa, cefanen gida ya bar min. Ban samu na faɗa ba.

A tatsuniyar Iya an faɗi ramar 'ya'yan, an faɗi ƙibar gawon, amma ba a faɗi yadda jikin mutumin yake ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ni kuwa na san yadda yake. Nakan kai wa Baba fura gona lokacin huɗa, in tarar ya tuɓe riga ya rataye a reshe, yana sunkuye a kan garma, haƙarƙarinsa duk a waje.