Ashe Ciwo Ne

Muna fitowa daga ɗakin kine, mai gyaran jiki da atisaye, a wani asibiti a Garwa, Inna ta zauna a benci ta ƙi tashi.

Tun da na haihu, duk sanda maigidana ya kusance ni sai in ji kamar ana yanka ni. Da na gaya wa Inna, ruwan bagaruwa ta dafa min in riƙa zama a ciki, ta haɗa min da maganin matsi. Abin sai ƙaruwa yake.

Jiya Inna ta rako ni asibitin daga Figil. Kine ta duba ni, ta ce naman ƙasan marata ne ya ɗaure, saki yake buƙata ba matsi ba. Ta fara koya min yadda zan sassauta shi da numfashi.

Na ce, "Inna, tashi mu nemi mota."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ashe ciwo ne? Har babanku ya rasu a haka nake. Na ɗauka haka aure yake."

Hannunta kawai na riƙe.

'Yan uwana mata, ku faɗa min, Innata ce kaɗai ta tsufa da wannan shirun?