Kaskon Turare Kusa da Na'urar Umma

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. In fara in goge, don karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron ɗaukar alhakin wani. Yau dai na daure.

Shekarun baya mahaifiyata ta yi fama da ciwon huhu. Da za a sallame ta daga asibiti, likita ya ce sai da na'urar oksijin a gida, wadda ake jonawa a wuta, iska ta bi ta siririyar roba zuwa hanci. Yayana ya yi mana hayarta a wani kamfani a Bompai, nan Kano.

Ɗan adaidaita ne ya kawo ta. Ya dire kwalin a zaure ya juya. Na bi shi ina tambaya: ina ake dannawa, me za mu kiyaye?

Ya ce, "Malam, ni direba ne fa. Ɗazu taliya na kai unguwar Dakata."

Na buga wa kamfanin waya. Wata ta ce in jona, in murɗa zuwa lambar da likita ya faɗa, shi ke nan. Ni da nake komawa gida daga bakin titi don duba ko na kulle ƙofa, na sake bugawa har ta daina ɗauka.

A kamfanin jima nake aiki a Challawa, kuma warin fata ba ya barin mutum ko ya yi wanka. Shi ya sa ɗakin Umma ba ya rabuwa da turaren wuta, balle in za a zo dubiya. Wata Juma'a da la'asar matata ta shigo da kasko. Umma ta zare robar daga hanci ta ajiye a tabarma, na'urar tana aiki, ta jawo kaskon za ta turara mayafinta.

Tana cewa, "Matsa can, kai ne ka cika mana ɗaki da..." sai garwashin ya yi fau. Bakin robar ya kama, wutar tana bin ta tana huci. Na fizge wayar na'urar daga bango, matata ta danne da bargo. Mayafin ya ƙone, bayan hannun Umma ya sale. Babban tashin hankalin, robar ke nan guda ɗaya, ga numfashinta ya fara sama-sama.

Na hau babur zuwa Bompai, ina kutsawa tsakanin tireloli ina salati. Manajan kamfanin ya saurare ni ya ce, "Haba Malam, wa bai san ba a kai wuta kusa da oksijin ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne ban sani ba. Iska na ɗauka, irin ta fanka. Wa kuka aiko ya faɗa mana?"

Ya miƙo sabuwar roba. Na ce ba zan tafi ba sai da wanda ya san na'urar. Ya haɗa ni da ma'aikacinsu. Da muka iso leɓen Umma ya fara canza launi. Ya jona mata, muka zuba ido har ƙirjinta ya lafa. Sannan ya yi bayani: ban da garwashi, risho da maganin sauro na kunnawa, ban da shafa man basilin a hanci, kada a manna na'urar da bango ko a lulluɓe ta. Ni kuwa da zani na lulluɓe ta, wai kada ta yi datti.

Umma ta ce, "Ɗan nan, da ka zo tun farko da mayafina na nan."

Ta warware daga baya, muka mayar da na'urar. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma bayanin nan ko tsawon shan shayi bai kai ba, kuma a ganina wanda ya ba da kayan shi ya kamata ya yi shi, da Hausa, a cikin ɗakin mara lafiya.

Don Allah masu sani ku taimaka: akwai dokar da ta wajabta musu turo mai koyarwa? In sun ƙi, ina ake kai kuka? Akwai abokin aikina da aka rubuta wa matarsa irin na'urar. Ɗakinsu ɗaya ne, kuma a ciki ake girki.