Ranar da 'Yan Bincike Suka Zo wa Kunun Inna

Ko da sabulu aka wanke min ƙwaƙwalwa, ranar nan ba za ta fita ba.

Shekarata goma sha biyu lokacin. Innata kunun aya take yi a gidanmu na Ƙofar Durbi, irin wanda in ka kurɓa sai ka yafe wa maƙiyinka. Aibinsa ɗaya: kafin la'asar ya yi tsami. Mai kantin da ke karɓa a Kambarawa ya ce in aka ƙara kai masa mai tsami, an rabu ke nan. Ni kuwa kullum ina wankin aya ina mafarki ido biyu: ga gorunan Inna jere a kantuna har Abuja, sanyi na tashi a jikinsu kamar hazo, ga hotona a kowace gora ina murmushi.

Wata Laraba da hantsi, wata malama mai tabarau ta yi sallama a zaure, ta ce daga jami'a suke, sun zo bincike. Kalmar ƙarshe kaɗai na ɗauka, na kwasa da gudu.

"Inna, 'yan bincike! Mota uku!"

Alhali a kurkura ɗaya suka zo, wato a-daidaita-sahu, ƙafafunta ne uku.

Inna ta zaci masu rufe sana'a ne. Ta tura gorunan ƙarƙashin gado, ta ɗauki carbi. Aka gaisa, aka ƙara gaisawa.

"Hajiya, ke ce mai kunun aya?"

"Wane kunu, ɗiyata? Mu nan ko ayar ba mu sani ba."

Sai wata gorar jiya da ta kumbura ta fashe, fam! Kunu ya malalo har gaban baƙuwa.

Malamar ta yi dariya har ta cire tabarau. "Hajiya, binciken namu na ilimi ne, ba na kamu ba. Abin da ya fasa gorar nan muke nazari."

Ranar ta koya wa Inna wanke goruna da ruwan zafi, da ɗumama kunu ana duba ma'aunin zafi, sannan a sanyaya nan take. Inna ta leƙa tukunya ta ce, "Malama, sauke haka, in ya wuce koko zai zama." Malama ta rubuta a littafinta.

Kunun da muka kai washegari ya kwana a firjin kanti lafiya lau, mai kanti ya aiko a ƙaro.

Na koyi cewa ilimin jami'a na iya cire takalmi ya zauna a tabarmar tsakar gida. Na kuma koyi jin magana har ƙarshe kafin na ruga, ko da yake Inna ta ce wannan darasin har yau ban ci jarrabawarsa ba.